Inda Sukari Ke Zama a Ganyen Dawa

Shekarar da na fara karatun digiri na biyu muna zaune a Tudun Wada, ciki da falo a wani gidan haya da muke raba tsakar gida da wasu iyalai biyu. Maigidana fataucin shanu yake yi. Yakan saya a kara, wato kasuwar dabbobin gari, da kasuwannin ƙauye, su haɗa da na abokansa su cika tirela, ya bi su Kudu. In ya tafi sai ya yi mako biyu, wani lokaci uku. In ya dawo kuma, da ƙafa a kumbure yake dawowa da murya a shaƙe. Ya yi wanka, ya ci abinci, ya yi kwana biyu yana rama barci, rana ta uku ya koma kara neman na gaba. Allah bai ba mu haihuwa ba a lokacin. Ba faɗa muke yi ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma shi da bakinsa ya ce in ci gaba da karatun da aure ya same ni a cikinsa. Sai dai in aka tara maganar da muke yi a wata guda, ba za ta cika hirar yini ɗaya ba.

Malamin da aka ba shi duba aikina ya kira ni ofishinsa a farkon zango. Ya ce in yi aiki a kan ganyen dawa, in duba yadda sukari da gishirin da saiwa ke shawowa daga ƙasa suke rabuwa a tsakanin ƙwayoyin halittar ganye. Ya miƙo mini tulin takardun da aka yi wa hoto, wasu shafukan sun yi baƙi har ba a ganin zanen da ke ciki. Bayan mako uku ya tafi ƙasar waje hutun bincike na shekara guda. Ya bar mini adireshin da zan riƙa aika masa saƙo, yana kuma amsawa, amma layi biyu ne, wani lokaci bayan kwana goma.

Ni 'yar manoma ce. Na tashi ina figar ganyen dawa ina ba awaki, ban taɓa ɗaukar ganye a matsayin wani abu mai ciki ba. Da na zauna da takardun nan sai na ga ashe gari ne guda. Akwai fata a sama da ƙasa, ƙwayoyinta garau, kusan babu kore a cikinsu. A tsakiya akwai korayen ƙwayoyi, su ke haɗa sukari in rana ta fito. Sai jijiyoyi, kowace da zobe na manyan ƙwayoyi kewaye da ita, a cikinta kuma bututu iri biyu. Ɗaya yana hawo da ruwa da gishiri daga saiwa, ɗaya yana kwashe sukari ya kai wa kara da saiwa da zangarniya. Abin da ya fi kama ni shi ne rabon ba daidai ba ne. Fata ita ke tara yawancin gishirin, sukari kuwa ɗan abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Korayen ƙwayoyin tsakiya ke riƙe da sukarin, zoben jijiya kuma shi ke ajiye rara, ya mai da ita sitaci har dare ya yi a kwashe. A wata takarda da aka yi a kan ganyen sha'ir, na karanta cewa gishirin kalsiyam yana taruwa a fata, na fosfet kuma a tsakiya, don in suka haɗu wuri ɗaya da yawa daskarewa suke yi su zama kamar tsakuwa, ganye ya rasa amfanin dukansu biyu. Na karanta wannan shafin ya fi sau goma.

Waɗanda suka rubuta takardun da wani siririn bututun gilashi suke aiki, wanda ya fi gashi siranta. Su huda ƙwaya ɗaya tak, su zuƙo ruwan cikinta su auna. Da na shiga ɗakin gwajinmu na duba abin da muke da shi, sai na fito na zauna a kan dakalin bakin ƙofa. A nan dattijon da ke kula da ɗakin ya same ni. Kowa Baba yake ce masa. Gajere ne, siriri, da farin gemu da yake ragewa da almakashi, ya kusa barin aiki. Ya tambaye ni abin da ya zaunar da ni, na nuna masa hoton na'urar. Ya duba ya daɗe, ya mayar mini.

Ya ce, “Wagga dai ba mu da ita, ɗiyata. Amma muna da reza, muna da aidin, muna da madubi. Ki zo gobe da karas.”

Ban gane abin da karas zai yi ba sai da na zo. Ya tsaga shi a tsaye, ya cusa guntun ganye a tsagar, ya matse da yatsu biyu, ya jiƙa reza, ya riƙa shafto bakin karas ɗin da ganyen tare, yana jan rezar zuwa ƙirjinsa. Abin da ke fitowa kamar ba komai ba, sai ka ga ɗan zare kore yana yawo a ruwan faranti. Ya ɗauko ɗaya da gashin buroshi ya ɗora a kan ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wani tsoho mai ɗan madubi a gindi da ake juyawa ya kamo hasken taga. Da na leƙa, ga su nan a jere kamar yadda ke cikin littafi, jijiya, zobe, jijiya, zobe.

Ni kuwa na yi wata guda ina yanka masu kauri kamar yankan kuɓewa. Na yanke babban yatsana sau biyu. Baba ba ya yabo, ba ya faɗa. In na kai masa ya leƙa, sai ya ce in sake. Yakan zauna a ɗaya gefen teburin yana wanke kwalabe, rediyonsa na magana ƙasa ƙasa, mu yi awa uku ba wanda ya ce uffan. Duk da haka waɗannan awoyin su ne lokacin da na fi jin ina tare da mutum a duk makon. Wata rana ya leƙa bai ce in sake ba, sai ya tashi ya ɗauko kwalbar aidin ya ajiye a gabana ya koma wankinsa.

Ina buƙatar dawa da zan tsinka a kowane lokaci na so, don haka na nemo bokitan fenti guda takwas, na huda gindinsu, na cika su da ƙasa da takin da maigida ya sa aka kawo mini daga kara. Irin kuwa daga gidanmu na ƙauye na karɓo. Na jera su a jikin bangon ɗakina inda rana ke bugawa. Maƙwabciyata ta ɗakin da ke kallon nawa, mace ce mai fara'a da 'ya'ya huɗu, tana ƙulla ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta tsaya tana kallona ina ban ruwa, ta tambaya ko tuwon za mu riƙa nomawa a gida saboda tsada. Na ce na makaranta ne. Ta yi dariya ta ce ita a saninta mutum yana zuwa jami'a ne don ya huta da noma. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ce ma take kore mini kajinta daga bokitan in ba na nan. Amma in matan gidan suka shimfiɗa tabarma da la'asar suna zancen yaye da suna da kuɗin gawayi, nakan zauna a gefe in yi dariya inda ake dariya, ba ni da abin sawa a ciki. Su ma ba su san me za su tambaye ni ba.

Dawar ta kai gwiwa sai aka shiga yajin aiki. Aka ce kowa ya tafi gida sai an neme shi. 'Yan ajinmu da muke gaisawa suka watse, masu Kabi suka tafi Kabi, masu Zamfara suka tafi Zamfara. Ranar da za a rufe ɗakin gwaji na je kwashe kayana, na tarar Baba ya naɗe tsohon madubin da tsumma ya sa a buhun shinkafa, tare da kwalbar aidin da ta sifirit da wani shuɗin ruwan gwajin sukari. Ya ce ya gaya wa shugaban sashe, ya yarda. Ya ce dawa ba ta san yajin aiki ba, in na jira za ta tsufa. Shi ya tare mini keke mai ƙafa uku, ya ɗora mini buhun a cinya, ya ce in riƙe shi a tsaye, kada in bari ya kwanta.

Sai ɗakina ya zama wurin aiki. Na jawo teburin guga zuwa bakin taga. Tsarin da na yi shi ne in tsinki ganye sau biyu, ɗaya bayan sallar asuba kafin rana ta fito, ɗaya bayan la'asar. In yanka, in jiƙa yankan a sifirit mai ɗumi har koren ya fita, in ɗiga aidin, in duba. Aidin in ya haɗu da sitaci baƙi yake komawa, baƙi mai shuɗi-shuɗi.

Na asuba na fara dubawa. Komai ruwan ɗorawa, fayau, zoben nan kusan wayam. Na yi zaton aidin ɗin ne ya lalace. Da la'asar na sake tsinko ganye daga bokiti ɗaya, na yi duk abin da na yi da safe. Da na juya ɗan madubin ƙasa haske ya shigo, sai na ga kowace jijiya da baƙin zobe kewaye da ita, cif, kamar an zana da tawada. Fata fara tas, sama da ƙasa. Korayen tsakiya ɗan dishi-dishi kawai. Tsakanin safe da marece, a jikin bangon ɗakina, ganyen nan ya yi aikinsa ya kai ajiyarsa inda yake kaiwa, kuma ga shi ina gani da idona. Na ɗaga kai don in ce wa wani ya zo ya gani, ɗakin ba kowa sai ni.

Na fita na kira maƙwabciyata. Ta zo tana goge hannu da zani, ta sunkuya, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu. Ta ce ita gashin idonta kawai take gani. Na gyara mata, ta sake leƙawa, ta ce ma sha Allah, kamar duwatsun wuya. Sai ta ji ƙaurin gyaɗarta a kan wuta ta fita da sauri. Na kira lambar Baba, a kashe. Na rubuta wa malamina dogon saƙo. Amsarsa ta zo bayan mako guda, ya ce da kyau, in maimaita sau da yawa.

Na maimaita. Fatar ganyen dawa ba ta ɓaruwa da sauƙi, don haka don gwajin sukari na koma ganyen albasa, wanda nake saye ɗanye daga masu kawowa daga fadama. Nakan ɓare fatar a hankali da ɗan hantsaki, siririya kamar ledar da ake ƙulla gishiri, in tara a kwalba ɗaya, naman ganyen a wata kwalbar. In zuba shuɗin ruwan nan, in tsoma su a ruwan zafi a kan risho. Ta naman ganye takan juye ta koma jar ƙasa, ta fata kuwa da ƙyar take sauya launi. Ɗakina ya riƙa warin albasa da sifirit. Wasu ranakun tun daga gaisuwar safe a bakin famfo ba na sake buɗe baki sai in zan yi salla.

Maigida ya dawo a mako na uku na yajin. Ya ga teburin guga a bakin taga da kwalabe a jere, ya wuce ya yi wanka ya kwanta. Washegari da la'asar, bayan ya farka, na kawo masa tuwo, sai na ji bakina ya ce ko zai zo ya ga wani abu. Ya taso da ƙyar saboda ƙafar. Ya leƙa na safe, ya leƙa na marece. Bai saba da madubi ba, amma ya fi maƙwabciyata haƙuri, ya tsaya har ya gani. Ya tambayi mene ne baƙin. Na ce abincin da ganye ya tara ne tun safe, zaƙi ne da aka ajiye, kafin gari ya waye an kwashe shi an kai ƙasa.

Ya juya yana kallon bokitan ta taga. Sannan ya ce, “Ashe shi ya sa. Tsohona bai yarda a yanko ma shanun turka ciyawa da sahe. Cewa yakai a bari sai marece, ta marece sunka hi so. Ko hannu guda ba su ragewa.”

Na ajiye abin da ke hannuna. Na tambaye shi ko kowace ciyawa ce, ko har da karan dawa, ko da damina ne kawai. Ya koma kan tabarma yana cin tuwo yana ba ni amsa. Ya gaya mini yadda sa ke zaɓen ganye ya bar kara, da yadda mahaifinsa ke tauna gindin ciyawa kafin ya saya, da wata shekara da aka yi fari dabbobi suka ci sabon tohon dawa suka kumbura. Ni kuma na gaya masa zancen fata da gishiri. Ya ce to ai shi ya sa akuya ke lasar ganye wani lokaci ba ta ci ba. Ban san ko haka ne ba, amma ban musa ba. Har aka kira magariba muna magana, tuwon ya huce a kwano. Tun da aka kawo ni gidansa ba mu taɓa yin hira mai tsawon wannan ba.

Bayan kwana biyu ya tafi. Wannan karon ya yi kwana goma sha tara. Ranar da ya dawo, ya shigo da jakarsa a kafaɗa da wani ƙullin buhu a hannu, jiƙaƙƙe, yana ɗiga. Kafin ya cire takalmi ya miƙo mini. Na kwance, sai ga damin wata doguwar ciyawa mai faɗin ganye, irin da ba mu da ita a nan. Ya ce a bayan kasuwar shanun can take fitowa, shanu in suka sauka daga mota ita suke fara nema. Ya ce da marece ya yanko ta da kansa, yana sane, kuma duk inda motarsu ta tsaya sai ya sayi ruwan leda ya yayyafa wa buhun. Yana so in duba masa ko tana da baƙin zoben nan.

Kwana biyu ciyawar ta yi a hanya, a naɗe cikin buhu, a ƙarƙashin kujerar mota. Gefen ganyen ya fara rawaya, tana ɗan warin tsami. Tun kafin in yanka na san abin da zan gani. Na yanka duk da haka, yana tsaye a bayana bai ko zauna ba. Zoben yana nan, manya ma, sun fi na dawata kyau, amma wayam suke. Aidin bai kama komai ba.

Abin da na ce masa har yau ina jin sa a kunnena. Na ce ai ganyen da ya kwana biyu a duhu ya riga ya cinye sitacinsa, wannan ba zai nuna komai ba, da ya tambaye ni kafin ya wahalar da kansa da na gaya masa. Da muryar da nake amsa tambaya a aji na faɗa. Gaskiya ce kuma, ba kuskure a ciki. Amma ban ce masa ya zo ya ga girman zoben ba, ban ce sannu da ɗawainiya ba, ban tambaye shi yadda shanun ke cin ta ba.

Ya ce, “To.” Ya tattara ciyawar ya fita da ita ya ba mai tumakin da ke maƙwabtaka da mu. Ya dawo ya yi wanka ya ci abinci ya kwanta. Bai yi fushi ba, da safe ma ya gaishe ni kamar kullum. Amma bai sake tsayawa a bakin teburin nan ba. Sau biyu na ɗauko zancen ciyawa a tafiye-tafiyen da suka biyo baya, ya amsa da kalma ɗaya ya shiga wani zancen. Na so in ba shi haƙuri, sai na rasa yadda zan fara, don ban san sunan laifin ba. In na ce yi haƙuri da zancen ciyawa, zai ce wace ciyawa.

Yajin ya ja watanni. Na cika littafi biyu da zane, don ba ni da abin ɗaukar hoto ta madubi. Lambar Baba ta shiga sau ɗaya, muka gaisa, na gaya masa zoben ya fito. Ya ce madalla, ya ce in riƙa rufe madubin saboda ƙura, muryarsa ƙasa ƙasa. Na ɗauka rashin kyawun layi ne.

Da aka janye yajin na naɗe madubin a buhunsa na kai. Na tarar da ɗakin gwaji a buɗe, wani ma'aikaci da ban sani ba yana share tebura. Na tambayi Baba. Ya dube ni ya ce ai Baba ya rasu, yau kwana goma sha biyu, ciwon ƙirji ne, an yi jana'iza a unguwarsu. Ya ce an sanar a dandalin ma'aikata na waya. Ni ba ma'aikaciya ba ce, ba na cikin dandalin, kuma ba wanda ya san akwai dalilin da za a gaya mini. Na ajiye buhun a kan tebur a tsaye. Mutumin ya tambayi mene ne a ciki, na gaya masa, ya buɗe kabad ya sa.

Na nemi kwatancen gidan, aka ce unguwar Gidan Igwai, bayan masu gyaran keke, a tambayi gidan malamin jami'a, ko da yake shi ba malami ba ne. Na je washegari da hantsi. Ƙaramin gida ne, zaure ɗaya, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Zaman makoki ya riga ya watse, saura mata huɗu ko biyar a rumfa, da matarsa a ƙuryar tabarma da carbi. Na yi sallama na durƙusa na yi gaisuwa. Suka amsa, suna jira in faɗi ko ni wace ce. Ba 'yar uwa ba ce ni, ba maƙwabciya ba, ba abokiyar aikinsa ba. Na ce daga makaranta nake, ɗaliba ce.

Matar ta ɗago ta dube ni da kyau. Ta ce, “Ke ta mai dawa?”

Na ce ni ce, Inna.

Ta ce, “Shina zancenki. Ya ce hannunki ya zamna.”

Watanni ina zaune da mutumin nan a tebur ɗaya bai taɓa faɗa mini haka ba. Na sunkuyar da kai, hawaye suka riƙa zuba a kan hijabina, matan suna ba ni haƙuri kamar ni aka yi wa mutuwar. Aka kawo mini ruwa da fura. Na zauna kusan awa guda. Da zan tafi matar ta ce in riƙa leƙo su. Na je sau ɗaya bayan ta fita takaba, aka ce ta koma wurin ɗanta a ƙauye.

Malamina ya dawo, ya karanta abin da na rubuta, ya gyara Turancin, ya ce zanen ya yi kyau. Aka sa ranar kare aiki. Baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni me ya sa ban auna gishirin kowace ƙwaya kai tsaye ba. Na ce ba mu da na'urar. Ya gyaɗa kai, ya tambayi wanda ya yi mini yankan ganyen, na ce ni na yi, da reza da karas. Ya sake duba zanen, ya rubuta wani abu. Duka bai fi minti ashirin ba aka ce in fita, aka sake kirana aka ce na ci.

A waje 'yan uwan sauran ɗalibai sun zo da kuloli da masu hoto. Wata 'yar ajinmu ta jawo ni cikin hoton danginta, na tsaya a gefe na yi murmushi. Daga nan na fito bakin titi. Maigida yana Kudu, kwanansa tara da tafiya. Na kira shi, ya ɗauka, bayansa hayaniyar kasuwa da kukan shanu da wani yana ta kiran farashi da Yarbanci. Na ce na gama, an ce na ci. Ya ce alhamdu lillahi, Allah ya sa albarka, ya ce in sayi nama a hanya kada in dafa komai yau. Na ji kamar zai ƙara wani abu, sai wani ya kira shi, ya ce zai neme ni anjima.

Hadari ya haɗo daga gabas. Na hau keke, mai keken ya saki labulen leda na gefe saboda iska. A Gidan Igwai na ce ya tsaya, na sayi balangu a wurin wani mai nama da ke ta ƙoƙarin rufe tukubarsa da kwano kafin ruwa ya sauko. Ya tambaya ko na mutum nawa ne, don ya san yawan albasar da zai yanka. Na ce na mutum ɗaya. Ya naɗe mini a takarda, na koma cikin keken na riƙe shi a cinya da zafinsa, ruwan ya kece kafin mu kai Tudun Wada.